Wasiƙa Daga Washinton: Akwatin Kifi Babu Kifi

Na san na kwana biyu ban rubuto ba, har wani abokina daga Zariya ya aiko yana tambaya ko littattafai ne suka danne ni. Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Yau ba zancen karatu zan yi ba, ba kuma na siyasar Amurka ba, wadda ku da kuke gida kun fi mu da muke nan bin diddiginta. Zancen ruwa zan yi, da wani ɗan kifi wanda har yanzu ban ma saye shi ba.

A nan ƙarshen watan Mayu shi ne kakar gwanjo. Ɗalibai sun gama karatu, kowa yana neman ya rabu da kayansa kafin wa'adin haya ya cika, sai ka ga katifa da tebur da tukwane ana talla a Craigslist da Facebook kamar kyauta. A cikin wannan rububin na sayi akwatin gilashi na kiwon kifi a hannun wani saurayi da zai bar gari, dala 20, har da hita da ɗan injin tace ruwa da tsakuwar da ake shimfiɗawa a ƙasa. Galan 10 yake ci, wato wajen lita 38. Dalilin sayen kuwa 'yata ce. A Kano ta saba da kaji da awakin gidan kakarta, ta zo nan ta tarar da gidan sama wanda takardar hayarsa ta hana ajiye ko kyanwa, kifi kaɗai aka yarda da shi. Ranar da ta ga kifin da ake kira beta a wani kanti, ja wur da jela kamar an baza mayafi, na yi mata alkawari. Yau mako biyar ke nan akwatin yana kan tebur cike da ruwa, injin yana ta gurnani dare da rana, babu ko ɗan tsako a ciki. Uwargida ta ce ita dai ba ta taɓa ganin inda ake kiwon ruwa ba sai a gidan ɗan boko.

Bari in fara da shi kansa kifin. Asalinsa ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, a fadamu da gonakin shinkafa masu ruwa kwance, kusan irin abin da za ka gani a Kura da Kadawa idan an sako ruwa. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Mutanen Tailan suna kiransa da sunan da ke nufin kifi mai cizo, domin idan maza biyu suka haɗu sai faɗa, kuma tun da can ana haɗa su ana caca a kansu kamar yadda wasu ke haɗa zakaru. Wani bincike da aka buga a 2022 a kan ƙwayoyin gadonsa ya nuna cewa an fi shekara 1,000 ana kiwonsa, kuma a 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Namijin ne ke yin sheƙa ta kumfa a saman ruwa, shi ne kuma ke gadin ƙwai har a ƙyanƙyashe. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yana iya tasowa ya shaƙi iska kai tsaye, domin Allah ya yi masa wata gaɓa a cikin kai da ke ɗaukar iskar sarari. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tarwaɗa, wadda za ta yi awoyi a tire a Kasuwar 'Yan Kura tana motsi ba ta mutu ba.

To wannan baiwar ita ce ta zame masa masifa. Da yake ba ya saurin mutuwa, sai ake sayar da shi a cikin ɗan kofin roba wanda bai kai na shan koko ba, a jera su kan kanta kamar gwangwanin tumatir. Kuma za ka ji ana cewa ai a ƙasarsu ma a cikin sawun kofaton ɓauna yake rayuwa, saboda haka kofi ya ishe shi. Ni wannan magana ba ta kama ni ba. Gaiwa tana iya shiga laka ta naɗe ta yi watanni idan ruwa ya ƙafe, amma babu mai hankalin da zai ce busasshiyar laka ita ce gidan da gaiwa ke so. Jure wuya daban, rayuwa daban. Kuɗin kifin bai kai na abincin rana ɗaya a nan ba, shi ya sa idan ya mutu bayan mako biyu sai a watsa shi a masai a sayo wani. Mu kuwa an taso da mu da labarin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, kowa ya san makomarta. Duk abin da ka tsare mai rai ya zama amana a wuyanka, ko da kuwa ba za a ci shi ba, ba kuma za a sayar ba.

Kayan hannu sai da bincike. Na tambayi mai shi abin da ya taɓa zama a ciki, domin wasu suna ajiye ɓera ko ƙadangare a irin wannan akwati, su kuma suna kankare gam ɗin da ya riƙe gilashin. Ya ce kifi ne kawai, shekara biyu. Na duba gam ɗin kusurwa-kusurwa, na kai akwatin baranda na ɗora a kan katako shimfiɗaɗɗe, na sa jarida a ƙarƙashi, na cika shi na bar shi kwana biyu in ga ko zai yi yoyo. Bai yi ba. Wankinsa kuwa da ruwan khal da ruwan ɗumi na yi, babu sabulu ko kaɗan, domin ragowar sabulu guba ce ga kifi. Sai kuma wurin ajiyewa: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, idan ka haɗa da tsakuwa da gilashi ka kusa nauyin buhun siminti, ba kowane teburin ɗalibi ne zai ɗauka ba.

Saurayin nan da zai ba ni sai ya ce in kwantar da hankalina, akwatin nunanne ne, yau in na ga dama in zuba kifi. Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ba haka abin yake ba, kuma a nan ne ainihin zancen yake.

Kifi yana ci, yana fitar da ƙazanta, kuma babbar ƙazantarsa ita ce amoniya, wannan abu mai hawa kai da kake ji a bayan katangar da ake yawan fitsari. A kogi ruwa ne ke tafiya da ita. A akwati kuwa babu inda za ta, sai ta taru ta ƙone masa wurin numfashi, kuma ruwan yana nan garai-garai kamar na sha, ido ba zai gaya maka komai ba. Abin da ke ceton kifin wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke cin amoniya su mayar da ita wani sinadari da ake kira naitirait. Shi ma naitirait ɗin guba ne, yana shiga jini ya hana shi ɗaukar iska, har jinin ya koma ruwan ƙasa, kifi ya shaƙe alhali yana cikin ruwa mai iska. Sai wani rukuni na biyu ya ci naitirait ya mayar da shi naitiret, wanda shi da sauƙi, ana rage shi ta hanyar canza wani kaso na ruwan duk mako, tsirrai ma suna shan sa. Waɗannan ƙwayoyin ba a cikin ruwan suke yawo ba, manne suke a jikin soson injin tacewa da tsakuwa da gilashi, kuma suna buƙatar danshi da iska da abinci kullum. Akwatin da na saya ya yi makonni a bushe a cikin kabad. Soson ya bushe ƙamas. Ke nan gilashin ne tsoho, amma ta fuskar kifi akwatin sabo ne fil.

Manomi ya san wannan aiki ko da bai san sunansa ba. Idan ka zuba takin yuriya a gonar masara, amoniya yake fara zama, sannan dangin waɗannan ƙwayoyin da ke cikin ƙasa su juya shi zuwa naitiret. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware su wajen 1890. Shekara da shekaru littattafan masu kiwon kifi suna cewa wata ƙwaya mai suna Nitrobacter ce ke yin mataki na biyu, sai a 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka duba akwatunan kifi na gaske suka tarar ashe Nitrospira ce ke riƙe da aikin. A 2015 kuma aka gano cewa a cikin dangin Nitrospira akwai waɗanda ke yin matakan biyu duka su kaɗai. Ka ji fa, abin da ke cikin soson dala biyu har yanzu masana ba su gama da shi ba. Matsalarsu ɗaya ce, nawa. Ƙwayar da ke lalata maka miya tana iya ninkuwa cikin minti 20, su kuwa waɗannan sai su ɗauki kusan yini guda kafin ɗaya ta zama biyu. Shi ya sa aikin ke cin mako huɗu zuwa shida.

Hanyar da mutanen da ke bi ita ce a jefa kifi mai araha a ciki ya sha wuyar, in ya rayu to, in ya mutu ya yi aikinsa. Yanzu an fi yarda da a yi babu kifi. Ka sayo amoniya zalla wadda babu sabulu ko turare a cikinta, ka ɗiga har ta kai miligiram 2 a kowace lita, ka kunna injin, ka sa hita ta riƙe ruwan wajen digiri 27, ka zauna jira. Wato kana ciyar da abin da ba ka gani, domin ya yi yawan da zai iya ɗaukar ƙazantar kifin da bai zo ba.

Kafin wannan ma akwai batun ruwan famfo, kuma a nan ne na koyi abin da ban sani ba game da garin da nake zaune. Ruwan Washinton daga kogin Potomak ake ɗebo shi, kuma abin mamaki sashen injiniyoyin sojan Amurka ne ke kula da shi tun ƙarni na 19, yanzu kuma suna tace shi a matatun Dalecarlia da McMillan, sannan hukumar ruwan birnin ta saya ta rarraba. A gida mun saba idan ruwan famfo yana warin kilorin sai a tara a bokiti ya kwana, da safe warin ya tafi. A nan wannan dabarar ba ta ci. Tun Nuwamban 2000 suka koma amfani da kiloramin, wato kilorin da aka ɗaure da amoniya, wanda ba ya tashi ko ruwan ya kwana nawa a ajiye. Sun yi haka ne don rage wasu sinadarai masu illa da kilorin ke haifarwa idan ya haɗu da dattin kogi. Ga mai sha babu laifi, amma yana kashe kifi, yana kashe ƙwayoyin da nake ta lallashi, kuma asibitocin wankin ƙoda dole su cire shi kafin su yi amfani da ruwan. Saboda haka duk bokitin da zan zuba sai na ɗiga masa maganin da ke warware shi. Da zarar an warware kuma sai ita amoniyar ta fito fili, ka gwada ruwan famfo ka ga alamarta tun kafin ka sa komai. Duk shekara kuma, daga wajen ƙarshen Maris zuwa Mayu, sukan koma kilorin zalla na 'yan makonni don wanke bututu, lokacin ne ruwan wanka ke warin wurin ninƙaya.

Wannan canji na 2000 ya zo da abin da ba a zata ba. Tsofaffin gidaje da yawa a birnin bututun dalma ne ke kai musu ruwa. Kilorin ya daɗe yana riƙe da wani ɓawo a cikin bututun wanda ke raba dalmar da ruwa, da aka canza sai ɓawon ya fara narkewa. Daga 2001 zuwa 2004 dubban gidaje a babban birnin Amurka suna shan ruwa mai dalma fiye da ƙima, kuma yawancin mutane ba su sani ba sai da jaridar Washington Post ta fasa ƙwan a Janairun 2004. Wani farfesa na jami'ar Virginia Tech, Marc Edwards, ya yi shekaru yana fafatawa da hukumomi a kan lamarin. A 2004 aka fara zuba wani sinadari da ke sake shafe cikin bututun. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ya san ba ƙaramin abu ake magana ba. Ni dai daga neman yadda zan raya kifin dala biyar na ƙare da duba irin bututun da ke shigo da ruwan da 'yata ke sha.

Mu koma kan akwati. Kayan gwajin 'yan kwalabe ne, ka ɗebi ruwa kaɗan ka ɗiga magani ka girgiza ka jira minti biyar ka duba launi. Na amoniya rawaya ne idan babu, kore idan akwai. Na naitirait shuɗi ne idan babu, shunayya idan akwai. Wannan aikin na bar wa 'yata, ita ke riƙe kwalbar a jikin farar takarda ta faɗi launi, ni in rubuta. Kwana tara na farko kore shar, babu abin da ya motsa, kullum tambayarta ɗaya: “Baba, yau zai zo?” A rana ta goma shuɗin ya fara sirkawa. Zuwa mako na uku amoniya tana ɓacewa cikin kwana guda, amma naitirait ya hau ya yi shunayya mai duhu ya tsaya cak, kwana da kwanaki. Wannan shi ne wurin da yawancin mutane ke gajiya, su ce ai ruwan ya yi kyau, su je su sayo kifi.

A nan ne wata abokiyar karatuna 'yar Indonesiya, wadda ta girma da irin wannan kifi a gidansu, ta yanko mini rabin soson injinta wanda ya shekara yana aiki. Na sa shi a leda da ruwansa na hau jirgin ƙasa na kawo shi gida cikin awa guda, baƙi ƙirin da shi, yana warin laka. Uwargida ta ga abin ta ce yanzu kuma datti ake mana aro. Na ce mata ai ita ta fi ni sanin wannan. Bafulatana ba ta jiran madara ta yi tsami da kanta, ɗan ragowar nonon jiya take zubawa, kafin gari ya waye kindirmo ya kama. Haka marinan Ƙofar Mata, ba a haɗa baba da toka yau a tsoma zane yau, sai an bar rijiyar ta yi kwanaki ana motsawa har ta nuna, kuma ƙwayoyin da ba a gani ne ke nunar da ita. Sharaɗin kawai shi ne ka san gidan da ka aro, domin soso yana iya zuwa da cuta kamar yadda yake zuwa da alheri. Kwana shida bayan zuwan soson, shunayyar ta fara dusashewa.

Duk wannan ya sa na kira wani ƙanen mahaifina da ke kiwon tarwaɗa a tankunan tamfol a bayan gidansa a Kano. Na tambaye shi yadda yake gane ruwa ya lalace. Ya ce da hanci, da kuma idan ya ga kifin sun taso sun tsaya a tsaye a saman ruwa sun ƙi cin abinci. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, ko dai an cika abinci ko an cika kifi. Maganinsa shi ne zubar da ruwan a sa sabo duk bayan kwana biyu ko uku. Na so in fara yi masa wa'azin injin tacewa da ƙwayoyi, sai na tuna cewa irin wannan tsarin yana so ruwa ya riƙa zagayawa ba tsayawa, idan wuta ta ɗauke na awoyi masu yawa ƙwayoyin sai su shaƙe, aikin mako shida ya tashi a banza. A wurin da wuta ba ta da tabbas, canjin ruwa ba jahilci ba ne, lissafi ne. Abin da kawai na roƙe shi shi ne ya daina sakin ruwan a kwata, ya juya shi zuwa lambun alayyafo da ke gefe, domin abin da ke kashe tarwaɗa a cikinsa shi ne ainihin abin da yake saye da tsada a buhun taki. Ya ce zai gwada, amma daga muryarsa na ji kamar yana tausayin ɗan da aka tura Amurka karatu ya ɓuge da kiwon kifi ɗaya tal.

Akwai tambayar da uwargida ta yi wadda ta fi duk sauran nauyi: idan mun tashi komawa gida fa? Irin wannan kifi yana yin shekara biyu zuwa huɗu idan an kula da shi, karatuna kuwa saura wajen shekara biyu. Sakinsa a rafi ba ya cikin lissafi. Shi kam sanyin hunturun nan zai kashe shi, amma mutanen yankin nan sun ga abin da sakin kifi ke jawowa. A 2002 aka gano wani kifi mai kan maciji, ɗan asalin gabashin Asiya, a wani tafki a garin Crofton na jihar Merilan, wani ne ya sayo su da rai ya sake su a ciki. Shi ma mai shaƙar iska ne, dangi ne na nesa ga ɗan betan nan. Hukuma ta zuba guba ta kashe duk abin da ke tafkin, amma a 2004 sai ga irinsa a Potomak, kuma har yau yana nan ya bazu. Da abin ya gagara, a 2024 jihar Merilan ta canza masa suna zuwa Chesapeake Channa ko mutane za su daina ƙyamarsa su riƙa ci. Da a Argungu ne da ba a buƙaci doka ba. Mu dai shawarar da muka yanke ita ce idan lokaci ya yi za mu nemi wanda zai karɓe shi da akwatinsa, kuma soson zai tafi a jiƙe cikin leda, kada wanda ya gaje mu ya fara daga farko.

Ƙa'idar gamawa ita ce ka ɗiga amoniya, bayan awa 24 ka tarar da ita da naitirait duka sun koma babu, ka kuma maimaita haka kwana biyu ko uku a jere. Jiya da daddare na ɗiga. Yau da safe ta amoniya ta fito rawaya tas, ta naitirait kuwa mun yi gardama, ni na ce shuɗi ne, 'yata ta kai kwalbar bakin taga ta ce a'a Baba, da ɗan saura. Na duba, ita ce da gaskiya. Saboda haka ba wannan Asabar ɗin ba, sai dai mai zuwa in Allah ya kai mu. Ranar Juma'a zan zubar da fiye da rabin ruwan don rage naitiret, in zuba sabo mai ɗumi daidai da na ciki, in rufe saman domin an ce yana tsalle. Ta riga ta ce ja take so, kuma sunansa Sarkin Ruwa.

A gaida mutanen gida baki ɗaya, a kuma ci gaba da sa mu a addu'a. Wassalam.